Gwiwar Malam Umara

Lahadi, 25 ga Satumba, da hantsi

'Yata Zulaihat ce ta kawo mini littafin nan daga Kano. Ta ce likita na son in riƙa rubuta yadda gwiwar ke kwana da yadda take wuni: ciwo, kumburi, ta lanƙwasu ko ba ta lanƙwasu ba. Da yake ita ma'aikaciyar jinya ce, ba ta magana sau biyu. To, bismillah.

Gwiwar dama ce. Kumburi na nan. Idan na taka sai ƙafar ta zame gefe kamar ba tawa ba. Yau kwana goma sha tara.

Hoton da aka ɗauka ya nuna ƙashi lafiya lau, kamar yadda mai ɗori ya faɗa tun farko. Jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ce ta yage. Ba ta tsinke duka ba, in ji su, amma saura kaɗan.

Shekara ashirin da biyu ina jan salla a masallacin unguwarmu nan Haɗeja. Da bakina na karantar da mutane cewa wanda ba ya iya ruku'u da sujada ba ya yi wa masu iyawa limanci. Yanzu na'ibina Garba ke ja. Ina jin sa ta lasifika, ina zaune a kan kujerar roba, ina yin tawa da ka.

Litinin, 26 ga Satumba, bayan la'asar

'Yan dubiya ba sa yankewa. Yau dattawan masallaci suka zo, suka cika zaure. Hussaini ladan ne ya yi magana a madadinsu.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, duk unguwar nan an san a bakin aiki ka samu wannan rauni. Ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, kowa ya gudu gida, kai kaɗai ka tsaya kana gyaran jingar da ke tare ruwa a gona. Allah ba zai bar ka haka ba."

Na ce, "Allah ya sa mu dace."

Ni ban ce na gyara ba. Su suka faɗa.

Laraba, 28 ga Satumba, da safe

Gwiwa tana nan yadda take. Garba ya tsallake aya a sallar asuba. Na gyara masa daga ɗaki, ba wanda ya ji ni sai Yakaka, matata, da ke hura wuta.

Alhamis, 29 ga Satumba, da yamma

Modu ya zo. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara takwas na ba shi. Ya kawo mini bandar tarwaɗa a ƙunshe cikin takarda, ya ce romonta na ƙara jini. Ban san inda ya samo ba.

Gonarsa da tawa a fadamar Auyo suke, gadon mahaifinmu, jinga ɗaya ce ta raba mu. Tawa na sama, tasa na gangare. Shi ya tsince ni ranar Talatar da na ji raunin nan, ya ciccibe ni ya sa a kwale-kwale, ya tuƙo har bakin titi.

Na tambaye shi gonar. Ya ce, "Taka ta tsira, Yaya. Ta fara nuna ma. Tsuntsayen jan-baki ne kawai ke damun ta, na sa ido."

Na ce, "Taka fa?"

Ya ce, "Ruwa ya ci." Ya ɗauki butar da ke gefensa ya mayar da ita wani wuri. "Har yanzu in ka shiga, iya ƙugu."

Da zai tafi ya duba ɗaurin ƙafata, ya ce ya yi sako-sako, ya durƙusa ya gyara shi da hannunsa.

Ban ci kifin ba. Na ce wa Yakaka cikina ne.

Juma'a, 30 ga Satumba, bayan an sauko

Ban je ba.

Asabar, 1 ga Oktoba, da hantsi

Zulaihat ta bugo waya. Jibi za mu ga likitar ƙashi a wani asibiti a Kano. Ta ce akwai wata sabuwar hanya da ba sai an yanka ba. Na ce wa zai kai ni, ni da ko mota ba na iya shiga da kaina? Ta ce, "Baba, ai Baffa Modu ya riga ya ce shi zai kawo ka. Tun shekaranjiya ya kira ni."

Na ce a nemi wani, Modu na da abin da ya dame shi. Ta ce, "Baba, wane ne wanin?"

Ciwo yau da sauƙi. Kumburi na nan.

Litinin, 3 ga Oktoba, bayan magariba, gidan Zulaihat a Kano

Hanya ta lalace. Wajen da ruwa ya cinye titi sai da kowa ya sauka aka tura mota. Ni aka bar ni a ciki, ina kallon Modu ta madubi yana turi, laka har gwiwarsa. A asibitin kuma ɗakin likita na sama, injin hawa ya lalace. Modu ya juya mini baya ya ce, "Hau, Yaya." Mutum mai shekara hamsin ya goya ni matakala goma sha takwas. Ina jin numfashinsa. Ina jin ƙasusuwan kafaɗarsa, ya rame.

Likitar mace ce, Dakta Amira, ba ta kai Zulaihat shekaru ba. Ba ta da gaggawa. Ta ɗora hoton a jikin fitila ta nuna mini inda jijiyar ta yage, wani farin zare da ya yi baƙi a tsakiya.

Ta ce hanya biyu ce. Ko a yi aiki, a yanka, a dasa wata jijiya. Ko kuma, tunda ba ta tsinke duka ba, a gwada wannan: a zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙuguna, a sa a na'ura ta tace shi, a ware ƙwayoyin asali, waɗanda jiki ke gina sabon nama da su, a yi mini allurarsu a cikin gwiwar daidai wurin da ya yage.

Na ce, "Likita, na taɓa ji a rediyo wai daga jikin jarirai ake samo irin waɗannan ƙwayoyin."

Ta ce, "Ba irin wannan ba, Malam. Wannan naka ne. Daga jikinka za a ɗauka, a jikinka za a mayar."

Na ce, "To zan warke? Zan yi sujada?"

Ta ajiye biro. Ta ce, "Ba zan yi maka alkawari ba. Abin sabo ne, har yanzu bincike ake. Wasu sun ce sun ji daɗinsa, wasu ba su ga bambanci ba. Ko ka samu sauƙi, ni kaina ba zan iya rantse maka cewa allurar ce ba, ko hutu da gashi ne. In ba ta yi ba, aikin na nan yana jira."

Na ji daɗin gaskiyarta, ta kuma yi mini nauyi. Yarinya ƙarama, abin da ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba, a gaban mutum uku.

Ta ce gobe Talata da safe. Na ce a bari sai Laraba. Ta tambayi dalili, na ce haka kawai. Modu na tsaye a bakin ƙofa, ya dube ni, ya mayar da kansa ƙasa.

Talata, 4 ga Oktoba, da rana

Ban fita ba. Ban yi magana da kowa ba sai sallama.

Laraba, 5 ga Oktoba, bayan la'asar

An yi.

Suka kwantar da ni rub da ciki, suka yi allurar kashe zafi a ƙugu. Zafi ban ji sosai ba, amma na ji ana huda ƙashi, na ji ƙarar a haƙorana. Da suka fara zuƙa sai wani irin ja ya taso daga can ciki ya sauka har ƙafa. Na yi salati da ƙarfi. Wata ma'aikaciya ta ce, "Sannu Baba, saura kaɗan."

Na'urar ta yi ta juyi kamar ta markaɗe, wajen minti ashirin. Abin da ya fito ɗan kaɗan ne, bai cika cokali biyu ba. Dakta Amira ta ɗaga sirinjin ta nuna mini. Ta ɗora wani abu a gwiwar tana kallon allo, ta soka, ta tura a hankali.

Shi ke nan. Duk tafiyar nan, cokali biyu.

An sa mini ɗauri mai ƙarafa, an ba ni sanduna biyu. Mako shida kafin a sake dubawa. Kada in taka da ƙarfi, kada in lanƙwasa fiye da yadda aka nuna mini.

Modu ya sauko da ni a baya kamar yadda ya hau da ni. A tsakiyar matakala ya tsaya ya huta, ya dafa bango. Na ce, "Sauke ni." Ya ce, "In sauke ka a ina?"

Juma'a, 7 ga Oktoba, da safe, gida

Gwiwa ta kumbura ta fi da. Ƙugu na zogi. Zulaihat ta ce haka yake yi kwana biyu-uku, in dai ba zazzaɓi. Ba zazzaɓi.

Asabar, 8 ga Oktoba, da yamma

Ciwo.

Litinin, 10 ga Oktoba, bayan azahar

Kumburi ya fara sauka. Ina ɗaga ƙafar sau goma, in sauke, in sake, kamar yadda mai gashi ya koya mini. Yakaka na ƙirga mini tana tsintar wake.

A tsakiyar ƙirga ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, ni har yanzu ban gane ba. Ranar nan ka dawo daga azahar, hadari ya haɗo, ka ɗauki shebur ka hau babur ba ka ce wa kowa komai ba. In gyaran jinga ne, ai da buhuna ake tafiya, da mutane."

Na ce, "Nawa muka yi?"

Ta ce, "Bakwai."

Ba ta sake ba. Shekara talatin da ɗaya muna tare, ba ta taɓa yi mini tambaya ɗaya sau biyu ba.

Laraba, 12 ga Oktoba, da hantsi

Garba ya zo gaishe ni. Yaron kirki ne, mai kunya, har yanzu ba ya zama a kan shimfiɗata. Ya ce, "Allah gafarta Malam, wurin nan ya yi mini nauyi. Kullum addu'armu ka dawo." Ya ce a huɗubar Juma'ar da ta wuce ya kawo misali da ni, kan mutumin da ke kare dukiyar maƙwabcinsa kamar tasa.

Na ce masa kada ya sake ambaton sunan mai rai a kan mumbari. Ya ɗauka tawali'u ne. Na ga yadda ya ƙara sunkuyar da kai.

Lahadi, 16 ga Oktoba, da yamma

An fara yankan shinkafata. Modu ne a kai. Shi ya nemo masu yanka, shi ke tsaye har a buge. Ban sa shi ba.

Gwiwa: tana lanƙwasuwa kaɗan, kamar mutum zai zauna a kan turmi.

Alhamis, 20 ga Oktoba, bayan la'asar

An kawo buhuna a mota, an jibge a zaure har sun toshe taga. Shinkafa ta yi kyau, ƙwaya cike. Maƙwabta na leƙowa suna cewa masha Allah, bana a duk layin gonakin nan Malam kaɗai ruwa ya tsallake, wannan ai karama ce.

Na ce a rufe ƙofar zaure.

Warin sabuwar shinkafa ya cika gidan. Da can ina son sa.

Juma'a, 21 ga Oktoba, da safe

Na sa an ɗauki rabin buhunan a kura an kai gidan Modu.

Juma'a, bayan la'asar

An dawo da su. Modu da kansa ya biyo kurar. Ya tsaya a bakin ɗakina bai shigo ba.

Ya ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Na ce, "Na yara ne. Kai ma ka yi wahala a kanta."

Ya ce, "In zakka ce, ka fitar ka ba masu ita. In kyauta ce, ta yi yawa. In kuma wani abu ne, ban san sunansa ba."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai Hussaini ya kira salla, Modu ya ce bari ya samu jam'i, ya juya.

Asabar, 22 ga Oktoba

Ba abin rubutawa.

Talata, 25 ga Oktoba, da rana

Mako bakwai.

Na ce ba zan rubuta zancen ranar nan ba, littafin na likita ne. Amma abin da nake gani idan na rufe ido: ruwa ya kai wuyan shinkafa, saura yatsa huɗu ya rufe zangarniya. Na tsaya ina kallo. Na ce a raina ai gonar da ke ƙasa tana da mafita, tana zubawa a magudana. Na san ciyawar kacalla ta toshe magudanar nan tun bara. Ni da kaina na yi wa hukuma takarda a kai.

Ya isa.

Gwiwa: na taka da sanda ɗaya daga ɗaki zuwa rijiya. Ba ta zame ba.

Asabar, 29 ga Oktoba, da yamma

Mairo, matar Modu, ta shigo wajen Yakaka. Ina jin su daga ɗaki. Ta ce tun makon jiya tuwon dawa suke ci sau ɗaya, da rana yara su sha kunu. Ta ce Modu ba ya barin a yi maganar buhunan da aka mayar, ta yi sau ɗaya ya fita bai ci abinci ba. Ta ce yana zancen tafiya Ibadan, wajen wani abokinsa mai sayar da bandar kifi, ya riƙa yi masa dako. Mutumin da bai taɓa kwana bakwai a wajen ƙasar Haɗeja ba.

Da ta tafi na ga Yakaka ta auna mata shinkafa a cikin zani, ta ce, "Wannan tsakanina da ke ne." Ta shigo ta ajiye mini ruwan alwala ba ta dube ni ba.

Laraba, 2 ga Nuwamba, da safe

Mako huɗu da allura. Kumburi ya tafi. Ina zama a bakin gado in tashi ba tare da an riƙe ni ba. Zulaihat ta yi ta murna a waya, ta ce, "Baba, ka ga ikon Allah?"

Na gani. Kullum ƙafar na ƙara ƙarfi. Ban taɓa zaton zan ji tsoron sauƙi ba. Muddin ina kan kujerar nan, ba wanda zai ce in shiga gaba.

Juma'a, 4 ga Nuwamba, bayan an sauko

Na je masallaci karo na farko, a kan kujera, ƙarshen sahu. Mutane suka yi ta zuwa suna shafa hannuna. Wani tsoho ya kawo jikansa in tofa masa addu'a. Na tofa. Modu na sahu na biyu, bai juyo ba sai da aka watse, ya zo ya ɗauki kujerar ya kai mini gida.

Litinin, 7 ga Nuwamba

Gashi. Ɗaga ƙafa sau ashirin. Gashi.

Alhamis, 10 ga Nuwamba, bayan azahar

Na gwada ruku'u a ɗaki. Ya yiwu. Ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 16 ga Nuwamba, bayan magariba, Kano

Dakta Amira ta murɗa ƙafar, ta ja, ta tura. Ta ce ta ƙara riƙewa fiye da da. Sabon hoto ya nuna baƙin da ke tsakiyar zaren ya ragu. Ba ta koma yadda take ba, kuma wataƙila ba za ta koma ba. Gudu da ɗaukar kaya da shiga laka sai dai a manta. Amma aiki, a yanzu, ba dole ba ne.

Na ce, "Allurar ce?"

Ta yi murmushi. "Na gaya maka tun farko, Malam. Ban sani ba."

Na ce, "Sujada fa?"

Ta ce, "A hankali, a kan abu mai laushi. Nan da mako biyu ina ganin za ka iya komawa bakin aikinka."

Zulaihat ta rufe fuska tana kuka. Modu ya ce, "Alhamdulillahi." Na hau matakalar da ƙafata, na sauko da ƙafata, yana bayana da hannu a buɗe ko zan faɗi.

Asabar, 19 ga Nuwamba, bayan la'asar

Da safe na aika aka kira Modu, na ce ya kai ni gona. Ya ce likita ta hana laka. Na ce ruwa ya janye. Ya goya ni a babur, muka bi ta kan jinga a hankali har fadama.

Tawa karan shinkafa ne a yanke, shanu na kiwo. Tasa laka ce ta bushe ta tsattsage, ruɓaɓɓen kara kwance a ciki, duk ya fuskanci gefe ɗaya, yadda ruwa ya bi da shi. A jingar da ke tsakaninmu akwai wuri mai faɗin taku uku da ƙasarsa sabuwa ce. Ya cike shi, ya daddaɓe.

Na sauka na tsaya a wurin. Na ce, "Modu, ba gyara na zo yi ba ranar nan."

Ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "Ni na fasa jingar. Da hannuna. Ruwa zai cinye tawa, na sakar maka shi. Ina cikin sara ƙasar ta zabtare da ni."

Yana zaune a kan babur, bai kashe ba. Sai ya kashe.

Ya ce, "Na sani, Yaya."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun da na ɗauke ka. Ruwa ba ya yanka jinga a miƙe. Na ga bakin shebur a jikinta, sara huɗu, a jere."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "In faɗa wa wa? Mutanen da ke bin ka salla? Ko Zulaihat? Ko Mairo, in ce mata yayana ne ya sa 'ya'yanta kwana da kunu?" Ya share fuska da hular kansa. "Jira nake ka faɗa da kanka. Na goya ka, na ce zai faɗa. Na yanke maka shinkafa, na ce yau zai faɗa. Sai ka aiko mini da buhuna."

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallon gonar. Ya ce, "Da ka zo ka ce, Modu, tawa za ta nutse, wallahi da ni zan riƙe maka shebur ɗin. Mu raba abin da ya tsira, mu ci tare. Abin da ke ci na ke nan. Ba shinkafar ba." Ya tayar da babur. "Ba zan ce maka na yafe ba alhali zuciyata ba ta kai nan ba. Kai malami ne, ka san ba kyau. Ka ba ni lokaci. Hau, rana na yi."

Na hau, muka kamo hanyar gida. Ina riƙe da rigarsa.

Lahadi, 20 ga Nuwamba, bayan azahar

Na gaya wa Yakaka. Ta ce, "To." Can ta ce, "Gara da ka faɗa." Ta ci gaba da wanke-wanke, na ga kafaɗunta na motsi.

Na kira Garba da Hussaini da dattawa biyu zaure, na gaya musu yadda aka yi, ban rage ba. Na ce ba zan koma gaba ba. Hussaini ya ce ai kowa na kuskure, a rufe maganar a nan. Na ce shekara ashirin da biyu ina gaya musu haƙƙin maƙwabci, su bar ni in ji shi daga baya. Da Garba zai fita ya gaishe ni kamar kullum, amma bai iya haɗa ido da ni ba.

Buhunan kuma na ce a kai wa Mairo bayan tafiyar mijinta. Na aika masa da saƙo cewa ba kyauta ba ce, ba zakka ba ce, tasa ce. Bai aiko da amsa ba. Bai kuma ce kada a kai ba.

Talata, 22 ga Nuwamba, da hantsi

Modu ya tafi.

Na je tasha da sanda ɗaya. Motar ta kusa cika, an ɗaure kwalayen kifi a sama. Yana tsaye da jakar leda da bargo a naɗe. Da ya hango ni ya taho.

Ya ce, "Da ba ka wahalar da ƙafar ba."

Na ce, "Sai yaushe?"

"Sai damina, in Allah ya kai mu. Ka sa ido a kan Mairo da yara."

Na ce, "In sha Allahu."

Ya dubi ƙafar. Ya ce, "Wai da gaske tana lanƙwasuwa? Ban gani da idona ba. Lanƙwasa in gani."

Na ba shi sandar ya riƙe. Na sauka a hankali, ta hagu tukuna, sannan ta dama, har gwiwoyina biyu suka taɓa ƙasa, nan cikin tasha, a gaban 'yan kamasho da masu tallan rake. Ta yi zafi, amma ta riƙe. Na ɗago ina kallonsa daga ƙasa. Ban tashi ba. Ya gane ban yi niyyar tashi ba.

Ya waiga hagu da dama. Ya ce, "Haba Yaya, mutane na kallo." Ya sa hannu a hammatata ya ɗaga ni, ya kakkaɓe mini ƙasa a riga, ya danƙa mini sandar.

Ya ce, "To, madalla. Ko ba komai, tafiyar Kano ba ta tashi a banza ba."

Direba ya yi oda. Ya shiga, ya zauna a tsakiya inda ba taga. Na tsaya har motar ta sha kwanar gidan mai, sannan na nemi mai babur, na ce ya bi da ni ta gidan Mairo.